Ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka: abin da ke samun ƴan wasa bayan sun sauya makaranta

Ran 26 ga watan Maris na shekara ta 1979, a birnin Salt Lake City na ƙasar Amurka, aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i tsakanin Michigan State da Indiana State. Michigan State, wadda Magic Johnson yake ja wa gaba, ita ce ta ɗauki kofi da maki 75 da 64. Saurayin da ya kawo Indiana State har wannan dare, bayan ta ci wasa 33 a jere ba a kayar da ita ba, shi ne Larry Bird, kuma ba a wannan makaranta ya soma ba. A shekara ta 1974 babbar jami'ar Indiana ce ta ɗauke shi, inda shahararren mai horarwa Bob Knight yake. Bai cika wata ɗaya ba ya tattara ƴan kayansa ya koma garinsu French Lick, domin girman makarantar da yawan jama'arta sun fi ƙarfin ɗan ƙaramin gari, ga kuma aljihu babu nauyi. Ya kama aikin ma'aikatar gari, har da kwasar shara a mota. A 1975 ya shiga Indiana State, ya yi shekara guda yana kallon wasa daga gefen fili, sa'an nan aka ba shi riga.

A wancan zamani labarin Bird abin mamaki ne da ake ba juna. Yau kuwa sauya makaranta ya zama ruwan dare, har akan ga ɗan wasa ya saka rigar jami'a 3 ko 4 kafin ya gama. Abin tambaya shi ne: me suke tararwa a can inda suka nufa?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake, domin ya bambanta da abin da aka saba gani a Nijar da maƙwabtanta, inda ƙungiyoyin gari ko na ma'aikatu suke renon ƴan wasa. A Amurka jami'o'i ne ke wannan aiki. Hukumar da ke kula da su ana kiranta NCAA, an kafa ta tun 1906, kuma a rukuninta na ɗaya akwai jami'o'i fiye da 350 masu ƙungiyar ƙwallon kwando. Yaro ya gama lise, jami'a ta ba shi burs, wato ta ɗauke masa kuɗin karatu da ci da kwana, shi kuma ya buga mata wasa na tsawon shekara 4. A watan Maris akan tara zakarun ƙungiyoyi, waɗanda adadinsu ya kai 68 a shekara ta 2011, a yi gasar da duk wanda aka kayar sau ɗaya ya tafi gida. Daga cikin dubban samarin nan, wajen 60 kaɗai babbar gasar ƙwararru ta NBA take zaɓa kowace shekara, kuma a cikin 60 ɗin ma akwai waɗanda ake ɗaukowa daga Turai da sauran nahiyoyi.

Tsohuwar doka da faɗuwarta

Shekaru da dama doka ta ce duk ɗan ƙwallon kwandon da ya bar jami'a ya koma wata, sai ya zauna shekara guda bai buga gasa ba. Yana iya horo da abokansa, yana iya shiga aji, amma ranar wasa sai ya sa kayan gida ya zauna. Bugu da ƙari, ba ya iya magana da wata makaranta sai da iznin wadda yake ciki, kuma mai horarwa yana da ikon rubuta sunayen makarantun da bai yarda yaron ya tafi ba. A 2012 wani saurayi mai suna Jarrod Uthoff ya nemi barin Wisconsin, mai horarwarsa Bo Ryan ya toshe masa hanyar makarantu fiye da 20. Jaridu suka yi ca, aka sassauta, yaron ya koma Iowa, inda sai da ya biya wa kansa kuɗin shekarar farko. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne, mai horarwa idan ya samu albashi mafi tsoka a wata jami'a, yau ya sa hannu gobe ya kama aiki, ba mai zaunar da shi ko kwana ɗaya.

Dokar ta rushe ne kaɗan-kaɗan, kamar ginin ƙasa a damina. A watan Oktoba na 2018 aka buɗe wata rajista ta intanet, inda ɗan wasa zai sa a shigar da sunansa, nan take kowace jami'a ta samu damar tuntuɓarsa ba tare da iznin kowa ba. A watan Afrilu na 2021 aka yarda kowa ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba. A watan Yuni na wannan shekara kotun ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta 9 gaba ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA cikin shari'ar Alston, kuma ran 1 ga Yuli hukumar ta bar ƴan wasa su karɓi kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu. A watan Disamba na 2023 jahohi 7 suka kai ƙara, alƙali John Preston Bailey na jahar West Virginia ya dakatar da sauran abin da ya rage na dokar, bayan ya saurari wani ɗan wasa, RaeQuan Battle, wanda aka hana wasa don ya sauya makaranta karo na biyu. A watan Afrilu na 2024 NCAA ta sallama, ta ce kowa ya sauya iya son ransa muddin karatunsa yana kan hanya.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 2021 maza fiye da 1700 na rukuni na ɗaya suka shiga rajistar, a 2025 kuwa sun haura 2000. Idan aka tuna cewa ƙungiya ɗaya ba ta wuce mutum 13 zuwa 15 ba, za a ga cewa wannan ba ƙaramar ƙaura ba ce.

Waɗanda ƙaura ta karɓa

Mafi yawan labaran nasara iri ɗaya ne: yaron da manyan jami'o'i suka raina lokacin da yake lise, ya tafi ƙaramar makaranta, jikinsa ya cika, hannunsa ya faɗa, sa'an nan manya suka dawo suna zawarcinsa. Dalton Knecht ya soma ne a wata ƙaramar kwaleji ta shekara 2 a garin Sterling na jahar Colorado, ya wuce Northern Colorado, sai a shekararsa ta ƙarshe, 2023 zuwa 2024, ya isa Tennessee. A can ya riƙa cin kusan maki 22 a kowane wasa, ya zuba wa Kentucky maki 40 a dare ɗaya, aka zaɓe shi gwarzon yankin SEC, ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a matsayi na 17. Tristen Newton ya yi shekara 3 a East Carolina ba wanda ya san da shi a wajen jahar, ya koma Connecticut a 2022, ya ɗauki kofin ƙasa a 2023 da 2024, a karo na biyu ma shi aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe. Walter Clayton ya bar ƙaramar jami'ar Iona a 2023, lokacin da mai horarwarsa Rick Pitino shi ma ya yi gaba, ya koma jaharsu ta Florida, kuma a 2025 ya kai jami'ar Florida ga kofi bayan ta doke Houston da maki 65 da 63. A wannan ƙungiya har da Rueben Chinyelu, ɗan Nijeriya wanda ya yi horo a makarantar NBA ta Saly a Senegal, ya fara da Washington State kafin ya iso Florida.

A ɓangaren mata ma haka abin yake. Angel Reese ta bar Maryland ta koma jami'ar Louisiana, wato LSU, a 2022, shekara na zagayowa ta ɗauki kofi bayan sun ci Iowa 102 da 85. Kamilla Cardoso, ƴar Brazil, ta bar Syracuse ta koma South Carolina a 2021, ta ɗauki kofi sau 2, na biyun a 2024 cikin shekarar da suka buga wasa 38 ba su faɗi ko ɗaya ba.

Akwai wani abu game da ƙungiyar Baylor ta 2021 da masu kewar tsohuwar doka suke yawan ambata, kuma suna da ƴar hujja. Baylor ta ci Gonzaga 86 da 70 ta ɗauki kofi da samari 4 waɗanda duk daga wasu makarantu suka zo: Davion Mitchell daga Auburn, MaCio Teague daga UNC Asheville, Adam Flagler daga Presbyterian, da Jonathan Tchamwa Tchatchoua, ɗan Kamaru, daga UNLV. Dukansu sun yi zaman shekara guda na dole. Mitchell a Auburn ɗan canji ne wanda ba a ba shi minti da yawa. Shekarar da ya yi ba ya gasa ta tafi ne a ɗakin horo, yana gyaran jifa, yana koyon tsarin sabon mai horarwa ba tare da idon ƴan kallo a kansa ba. Da ya fito sai ya zama mai tsaron da ya fi kowa a ƙasar, Sacramento ta ɗauke shi a matsayi na 9. Wannan shekara ta jira, wadda aka ɗauka horo ce ta zalunci, ga wasu ta zama shekarar nuna. Sai dai masu wannan magana sukan manta cewa abin da ya amfani Mitchell an tilasta shi ne a kan kowa, har da wanda ya bar makaranta don uwarsa ba ta da lafiya, ko don an kori mai horarwar da ya kawo shi.

Labarin Oscar Tshiebwe

Ba wanda labarinsa ya tattara daɗi da ɗacin wannan al'amari kamar Oscar Tshiebwe, haifaffen Lubumbashi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Ya isa Amurka yana matashi, ya gama lise a jahar Pennsylvania, ya shiga jami'ar West Virginia a 2019. Shekararsa ta farko ta yi kyau. A ta biyu sai wasansa ya ja baya, zama ya ƙi daɗi, bayan wasa 10 kacal ya bar ƙungiyar a tsakiyar kaka, a watan Janairu na 2021 ya koma Kentucky. Mutane da yawa a West Virginia sun ɗauke shi a matsayin wanda ya gudu daga wahala.

Abin da ya yi a Kentucky a kakar 2021 zuwa 2022 ya rufe bakin kowa. Yana cin maki 17 a kowane wasa, yana kuma cafe ƙwallo 15 daga cikin waɗanda suka bugi kwando suka dawo, adadin da aka yi shekara fiye da 40 ba a ga irinsa ba a rukuni na ɗaya. Tsawonsa wajen mita 2 da santimita 6 ne, wanda a wannan wasa ba wani tsawo ba ne ga mai tsayawa ƙarƙashin kwando, amma ya san inda ƙwallo zai faɗo tun kafin ya bar hannun mai jifa. Duk manyan kyaututtukan gwarzon shekara na ƙasa shi ya kwashe su. Da ya zauna a West Virginia, da wuya a ce haka ta faru.

To, amma a watan Maris na wannan shekara, a wasan farko na gasar ƙasa, wata ƴar ƙaramar jami'a ta birnin Jersey City mai suna Saint Peter's ta fitar da Kentucky da maki 85 da 79 bayan ƙarin lokaci. Tshiebwe ya ci maki 30 ya cafe ƙwallo 16 a daren, bai hana komi ba. Sa'an nan ga matsalar kuɗi. Abokansa ƴan ƙasa suna ta sa hannu a kwantaragin talla, shi kuwa bizar ɗalibi yake riƙe da ita, wadda ba ta yarda baƙo ya yi aikin kuɗi a cikin Amurka ba sai ta ƴan hanyoyi ƙalilan. Sai da ƙungiyar ta tafi wasannin share fage a tsibiran Bahamas a watan Agusta na 2022 ya samu ya yi ɗaukar hotuna da tallace-tallacen da suka taru masa, cikin ƴan kwanaki, tun da a can ba ya ƙarƙashin dokar. Wannan tarko yana gaban duk ɗalibin Afirka da ke wasa a can, ko daga Bamako ya fito ko daga Dakar ko Yawunde.

A 2023 ya shiga zaɓen NBA, aka kira suna 58 ba a kira nasa ba. Ƙwararru suna neman dogon da zai iya jifa daga nesa ya kuma bi gajeru masu sauri a tsakiyar fili, shi kuwa gwanintarsa a gindin kwando take. Ya samu ƙaramin kwantaragi da Indiana Pacers, ya zama gwarzon sababbin ƴan wasa a gasar share fage ta NBA a 2024, daga baya ya koma Utah. Sauya makaranta ya ba shi suna da abin hannu, amma bai sauya irin ɗan wasan da yake ba.

Waɗanda tauraronsu ya dushe

Ba a cika buga labarin waɗanda suka faɗi da manyan baƙaƙe ba, amma sun fi yawa. Dalilin a fili yake. Saurayin da ke cin maki 18 a ƙaramar makaranta yana yin haka ne don ƙwallo a hannunsa yake kwana, an gina dukan wasan a kansa, idan ya jefa ya kuskure ba mai fitar da shi. Ranar da ya isa babbar jami'a sai ya tarar da mutum 4 ko 5 waɗanda kowannensu sarki ne a inda ya fito, ƙwallo kuwa ɗaya ne. Masu tsaron da zai fuskanta sun fi tsawo, sun fi sauri. Max Abmas, wanda ya fi kowa cin maki a ƙasar a 2021 yana Oral Roberts, da wajen 24 a kowane wasa, ya sauko zuwa wajen 17 da ya koma Texas, kuma shi ana lissafa shi cikin waɗanda suka yi ƙoƙari.

AJ Storr ya fara da St. John's, ya koma Wisconsin inda ya riƙa cin kusan maki 17 a kakar 2023 zuwa 2024, ya zama jigon ƙungiya. Bai tsaya ba, ya wuce Kansas, wadda a farkon kakar da ta biyo aka ɗora ta a matsayi na ɗaya a ƙasa. A can wasansa bai dace da abin da mai horarwa Bill Self yake so ba, musamman wajen tsaro, aka rage masa minti, makinsa ya faɗo zuwa 6. Kansas ta fita tun wasan farko na gasar Maris, Storr ya sake ɗaukar jaka ya nufi Mississippi, makarantarsa ta 4 cikin shekara 4.

Labarin Hailey Van Lith ya fi koyar da abu, domin ita ta faɗi ta kuma tashi. A Louisville tana cin kusan maki 20, aikinta jefa ƙwallo a kwando. A 2023 ta koma LSU mai riƙe da kofi, inda aka riga aka cika da masu ci, sai aka ba ta aikin raba ƙwallo, wanda ba ta saba ba. Makinta ya sauko ƙasa da 12. A wasan da Iowa ta fitar da su a 2024, ita aka sa ta tsare Caitlin Clark, wadda ta ci maki 41 a gaban miliyoyin masu kallon telebijin, kuma ba irin ba'ar da ba a yi mata ba. Da ta shiga zaɓen ƙwararru a lokacin, da darajarta ta zube. Sai ta sake ƙaura zuwa TCU a jahar Texas, ƙungiyar da ba ta da wani tarihi, inda aka tsara wasa daidai da ita. Ta koma cin wajen maki 18, ta zama gwarzuwar yankin Big 12, ta kai makarantar cikin 8 na ƙarshe a karon farko, Chicago Sky ta ɗauke ta a matsayi na 11 a 2025. Yarinya ɗaya ce, hannu ɗaya, cikin shekara 3 ta yi fice, ta dushe, ta sake fice. Abin da ya sauya shi ne gurbin da aka sa ta.

Karatu, da waɗanda ba a kira ba

Ana yawan manta cewa waɗannan samari da ƴan mata ɗalibai ne, kuma mafi yawansu takardar digiri ce za ta ciyar da su, ba kwando ba. Kowace jami'a tana da ikon ta ƙi amincewa da darussan da ɗalibi ya ci a wata. Wani bincike da ofishin binciken ayyukan gomnatin Amurka ya fitar a 2017 ya nuna cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009, ƴan wasa da waɗanda ba ƴan wasa ba, sun yi asarar wajen kashi 43 cikin 100 na darussan da suka riga suka ci. Wanda ya sauya sau 3 yana iya ƙare shekarunsa na wasa, burs ya yanke, digiri kuwa da saura. Wasu kan bar fannin da suke so su koma wanda zai karɓi darussansu, don kawai a bar su su yi wasa. Ko manya ba su tsira ba. Caleb Love, wanda ya kai North Carolina wasan ƙarshe a 2022, ya sanar a 2023 cewa Michigan zai koma, sai maganar ta wargaje a ofishin ɗaukar ɗalibai a kan batun darussansa. Shi ya yi sa'a, Arizona ta karɓe shi, har ya zama gwarzon yankinsu a 2024.

Wanda ba shi da sunan Caleb Love fa? Ranar da ɗan wasa ya sa sunansa a rajista, makarantarsa tana da ikon yanke masa burs a ƙarshen zangon karatu, ta ba wani gurbinsa. Alƙaluman da NCAA kanta take bugawa sun nuna cewa kowace shekara kaso mai yawa na masu shiga rajistar ba sa samun wata makaranta ta rukuni na ɗaya. Wasu su sauka rukuni na biyu ko na uku, wasu su koma gida. Tun kafin a buɗe ƙofa ma hukumar ta lissafa cewa wajen kashi 40 cikin 100 na mazan da suka shigo daga lise kan bar makarantarsu ta farko kafin ƙarshen shekara ta biyu, kuma da yawansu ƙasa suke yi, ba sama ba. Dillalai sun shigo tsakani, suna gaya wa yaro da iyayensa cewa ana nemansa a wuri kaza da kuɗi kaza. Alkawarin baki ya yi yawa. A watan Disamba na 2024 tsofaffin ƴan wasan Florida State 6 suka kai mai horarwarsu ƙara, suna zargin an yi wa kowannensu alkawarin dalar Amurka dubu 250 ba a biya ba. Mai karatu ya lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ta tamma 5 ba.

Kuɗin kuwa ƙaruwa suka yi. A watan Yuni na 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ɗora wa NCAA da manyan yankuna biyan miliyar 2 da miliyon 800 na dalar Amurka ga tsofaffin ƴan wasa cikin shekara 10, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa ƴan wasanta har wajen miliyon 20 da rabi a shekarar farko. Wasu tsofaffin masu horarwa sun ga ba za su iya ba. Tony Bennett, wanda ya ɗauki kofi da Virginia a 2019, ya ajiye aiki a watan Oktoba na 2024 yana da shekara 55, ya ce shi ba mutumin wannan sabon zamani ba ne. Wasu kuwa sun iya. Da John Calipari ya bar Kentucky ya koma Arkansas a 2024, wasu yaransa suka bi shi, sauran suka watse, magajinsa Mark Pope ya tarar da ɗaki wayam. Cikin ƴan makonni ya haɗa ƙungiya daga rajista, kuma ta kai cikin 16 na ƙarshe a 2025.

Ƙananan makarantu su ne suka zama gonar da manya ke girbe. A gasar 2025 dukan ƙungiyoyi 16 da suka rage daga manyan yankuna 4 suka fito, kuma da yawa daga cikin taurarinsu ƙananan makarantu ne suka rene su: Johni Broome na Auburn daga Morehead State, Mark Sears na Alabama daga Ohio, Clayton daga Iona. Saint Peter's ɗin nan da ta kunyata Kentucky a 2022 ta ci gaba har cikin 8 na ƙarshe, abin da ƙungiya mai matsayi na 15 ba ta taɓa yi ba. Kafin wata ɗaya ya cika mai horarwarta Shaheen Holloway ya koma Seton Hall, ƴan wasan suka bi rajista ɗaya bayan ɗaya. KC Ndefo ya bi maigidansa. Doug Edert, mai gashin baki wanda hotonsa ya cika jaridu a watan Maris, ya koma Bryant, daga nan labarinsa ya yi sanyi. Daryl Banks, wanda ya zuba wa Kentucky maki 27, ya tafi St. Bonaventure. Tagwayen nan ƴan Mali, Fousseyni da Hassan Drame, suka tafi La Salle tare, bayan shekara suka sake tashi tare zuwa Duquesne a birnin Pittsburgh. A watan Maris na 2024 Duquesne ta shiga gasar ƙasa a karon farko tun 1977, ta doke BYU da maki 71 da 67, nasararta ta farko a gasar tun 1969, Fousseyni yana cikin fili.